Layi Uku

Layi uku suka bari a gindin takardar neman jami'a,
bayan suna, bayan maki,
bayan hoton da na ɗauka a Sabon Gari, ɗankwali a karkace:
"Ayyukan ɗalibi bayan karatu."
Kowane layi bai fi tsinken tsire ba.

Mushe Kiyari ya ce, "Barira, sa abin da ke da hatimi.
Mutanen can ba su san ki ba, takarda suka sani."

To, masu hatimi ai ina da su.
Ƙungiyar muhawara: sati biyu na yi,
ranar gasa murya ta gudu ta bar ni tsaye,
amma takardar shaida na nan a adakar Inna
tsakanin turaren wuta da katin rigakafi.
Dashen itace: dogon yaro goma bayan katangar lise,
awaki sun ci tara,
na goman ma ban rantse nawa ne ba.
Wasan kwaikwayo: ni ce maƙwabciya ta biyu,
maganata ɗaya tak, "Subhanallahi!"
Wannan kam na iya, har tafi aka yi.

Sai aka ɗauke wuta.
Na fito da tabarma tsakar gida,
duwatsun Birni na mayar da zafin da suka sha da rana.

Wa ke buga wa ƙarfe ukun dare hatimi?
Famfonmu sai ya yi tari kafin ya kawo ruwa,
ni ke jin tarin nan daga cikin barci.
Jarka shida, bakwai in da rabo.
Na san mai yoyo, na san wadda ke satar layi,
na taɓa raba Habsu da Indo, bokiti bai fashe ba.
In wannan ba muhawara ba ce, mece ce?

Ga littafin Baba a rumfar dukanci,
bangonsa ya sha maiƙo:
fata nawa ta zo daga majema,
wa ya ɗauki takalma bashi tun kafin Sallah.
Shi da ka yake lissafi, ni da biro,
duk Alhamis in an tashi daga Kasuwar Dole
sai mun yi musu kan dala ashirin.
Yawanci shi ke da gaskiya.

Ga tsohuwa Cima ta bayan gidanmu,
kwalin maganinta duk Faransanci.
Na zana mata rana a kan wannan, wata a kan wancan,
ta ce watana ya fi kama da ƙosai.
Shekara biyu ina leƙa ta bayan isha'i.
Da azumin bana ta cika.
Har yanzu in liman ya sallame
ƙafata kan nufi ƙofarta kafin in tuna.

Da wuta ta dawo na rubuta.
Layin farko, muhawara.
Kada a tambaye ni, tsoron barin hatimi nake ji.
Na biyu, "Riƙon lissafin sana'ar fata, shekara huɗu."
Na karanta wa Baba, ya yi dariya har da tari,
ya ce, "A ƙara da cewa kina ɓatar da dala ashirin."

Na uku na sa fensir, na rubuta Cima.
Na duba shi. Suna ne, ba aiki ba.
Kuma ban so wani mai tabarau a wani gari
ya auna ta ya ba ni maki.
Na goge, takardar ta ɗan yi duhu a wurin.

Jibi ake rufe karɓa.
Ina zaune, biro a baki,
sai na ji famfo ya yi tari.
Na danne takardar da faifai,
na tashi neman murfin jarka.