Mai Yasar Dare

Shekara goma sha tara ina yasar salga a Gangare.
Sai dare ya raba ake buɗe mini ƙofar baya,
a miƙo kuɗina da hagu,
kofin da na sha ruwa a jefa shi bola.

Na san cikin garin nan fiye da likita.
Na san gidan da aka ci nama,
na san inda aka kwana a kan rogo.
Abin da na kwaso, rafin Dilimi nake kai wa,
shi kuwa bai taɓa cewa a'a ba,
ya ɗauka ya gangara wajen masu lambu.
Latas ɗin da nake wucewa a Farin Gada,
ni na san dalili.

Shekarar amai da gudawa
ta tafi da Ladidi, autata,
haƙoranta huɗu.
Aka ce kwana ya ƙare. Na ce haka ne.
Bayan an watse na auna:
daga salgarmu zuwa rijiya, taku bakwai.

Yau ga ni cikin rami da rana tsaka,
ni da Davou muna haɗa bututu.
Dutsen Jos ba ya jin diga,
kwana uku a kamu ɗaya.
Ya ce kakansa ya haƙi kuza,
ramukan sun cika da ruwan da ba a sha.
Ya tofa yawu a tafi, muka ci gaba.

Injiniya Rifkatu ta kai ni ƙarshen layin.
Tafki uku a jere.
Na farko baƙi, na san warinsa kamar sunana.
Na biyu kore.
Na uku na leƙa, sai ga fuskata
da furfurar da ban san ta fito ba.
Ta ce ba na sha ba ne, na shuka ne,
kuma ko rijiyoyi sun ja baya da bazara
wannan ba ya ƙafewa
muddin mutane na cin tuwo.

Har yau bututun bai iso layinmu ba.
An ce baɗi. An ce in kuɗi sun fito.
Famfo sai Talata, wata Talatar ma shiru.

Jiya dai na sayi latas,
na wanke da gishiri,
na zauna ƙofar gida ina ci.
Maƙwabcina Tanimu ya zo wucewa,
ya tsaya, ya ba ni hannun dama.