Tabon Faifai

A Dudley, ranar Talata, ana yayyafi,
na rungumo shi cikin kwat kamar jariri mai mura,
na tura ƙofar shagon Hadley da kafaɗa.

Sai da ya sa farar safar hannu kafin ya taɓa.
Abin da babana ke cafka da yatsu duk baƙin mai,
yau shi ake wa sanɗa.

Ya zare faifan daga rigarsa, ya karkata shi ga fitila,
ya duƙa yana bin ƙananan lambobi
da aka zana kusa da cibiya.
"Bugun farko ne," in ji shi, murya ƙasa ƙasa.
"Dubi tambarin, harafi guda ya kifa.
Ɗari biyar suka fita kafin a farga."
Wato gyangyaɗin wani ma'aikacin dare
shi ne ya tsufa ya zama zinariya.

Alwyn Tromans, ubana,
shekara talatin da ɗaya a maƙerar sarƙa.
Da albashin makonsa na fari ya saye shi,
ya koma gida a ƙasa don ba kuɗin mota.
Kakata ta toshe kunne, ta ce wannan rushewar gini ce.
Shi kuwa ya ce bai taɓa jin an yi waƙa
da muryar wurin aikinsa ba sai ranar:
jita tana gurnani kamar tanderu,
ganga tana faɗowa kamar guduma,
wani yaro ɗan unguwa irin tamu yana ihu a sama
kamar wanda ya ga abin da ke bayan hayaƙi.

Hadley ya juya gefe na biyu, ya tsaya.
"Kash."
Na san abin da ya gani. Ni na yi shi.
Ina shekara shida na ja allurar da ƙarfi,
ina neman inda mutanen suke ɓuya.
Baba bai ɗaga hannu ba.
Ya ɗora kwabo a kan hannun allura,
ya ce, "Glenda, yanzu ke ma kina cikin makaɗa."
Tun daga nan, duk sa'ad da kiɗan ya kai ƙololuwa,
sai ya yi tuntuɓe, ƙas,
ya tsallake numfashi ɗaya, ya ci gaba.

"Wannan tabon ya ci rabin kuɗin," in ji Hadley.
Ya nuna mini ɗan'uwansa a akwatin gilashi,
cikin ledarsa tun daga masana'anta,
shekara hamsin da ɗoriya bai buɗe baki ba.
Farashinsa ya ninka namu goma.
Ashe a wannan kasuwa bebe ya fi tsada.

Maƙera ta cinye kunnuwan Baba tuni.
Daren jiya mun ɗora faifan karo na ƙarshe,
ya manna tafinsa a jikin lasifika,
ya lumshe ido, yana sha ta fata.
Bokiti biyu na ɗiga a bayan kujerarsa.
Shi ya ce in sayar. Ya nuna rufi, ya ɗaga kafaɗa.

Fam ɗari huɗu da ashirin.
Na ƙirga sau biyu, na karɓa.

A bas na nemo kiɗan a waya,
tas da shi, kamar an wanke an goge.
Da ya kai wurin nan, ya wuce sumul,
zuciyata kaɗai ta yi tuntuɓe.

Na tarar da Baba a kicin, shayi ya huce,
yana buga tebur da yatsunsa masu kanta,
tiryan tiryan, gefe na biyu.
Na tsaya a bakin ƙofa da rigar ruwa, ina jira.
Ya hau, ya hau, ya kai ƙololuwa,
yatsan ya tsaya a iska,
numfashi ɗaya,
sannan ya sauka.