Gaɓa Ta Arba'in Da Bakwai

Sha ɗaya na dare, Naraguta ta yi tsit.
Sanyin Jos na waje, namu na ciki ya fi shi cizo.
Na ɗaura igiya a wuyan hannu
kada tartsatsin jikina ya kashe abin da na zo gyarawa.

Gaɓoɓi sittin da huɗu a kanta huɗu,
kowace da fankokinta, kowace da koren idonta.
Baƙo kan tambaye ni, wace ce babbar kwamfutar a ciki?
In ce masa, gayya ce, malam:
an yanka gona kunya-kunya,
kowa ya duƙa a tasa,
kuma ba a buɗe tulun kunu sai na baya ya zo gamawa.

Yau daren sabunta manhaja ne.
Ba a tashin gayya don za a wasa fartanya.
Takwas-takwas nake janye su:
in rufe wa gaɓa ƙofar sabon aiki,
in jira ta sauke wanda ke kanta,
in kwantar da ita, in ɗura mata sabon karatu,
in tashe ta, in tambaye ta sunanta.
In ta amsa daidai, ta koma cikin 'yan'uwa.

Dachung na gefe, rungume da fulas ɗin shayi,
yana karanto lambobi, ina cewa to.
Aikin Dakta Kangyang na layi tun Talata,
lissafin daminar bana, don masu dankali a Bokkos.
Sau uku ta kira. Ta ce kafin Juma'a,
don manomi ba ya shuka da "ana dubawa."

Biyu da kwata, ta arba'in da bakwai ta ƙi tashi.
Bakwai sun yi kore, ita ta kafe a ruwan ɗorawa.
Na sake kira. Shiru.
Dachung ya ce, ƙyale ta, sittin da uku ma jama'a ce.
Na ce, gida sittin da huɗu Dakta ta raba gonar,
kunyar wannan wa za a bar wa?

Na zaro ta kamar aljihun tebur, ta fito da ɗumi.
Noti shida, murfi, sai ga cikinta:
fanka ta uku ta sandare,
fiffiken shinge ya naɗe mata wuya.
Ƙofa biyu, matata uku, ta ina ya bi?
Dachung ya ɗaga shi a tsinke yana dariya:
wannan ai ya riga injin sanin ruwa na zuwa.

Na haska tocila a kan koren allon.
Ɗigo-ɗigon walda, dubu bisa dubu, suna ƙyalli.
Kakana Mamuda ya haƙi kuza a Bukuru,
kwano a ka, laka har gwiwa,
jirgin ƙasa ya kwashe, aka bar masa tari da tafki.
Bai taɓa jin inda ake kai ta ba.
Ba ni da shaida, ban ce ita ce ba,
amma na daɗe riƙe da tocilar
fiye da yadda sauya fanka ke ɗaukewa.

Sabuwa ta zauna. Na mayar da murfi,
noti ɗaya ya ɓuya ƙarƙashin takalmina,
muka ɓata minti goma muna zagin juna.
Na tura ta gurbinta, na danna.
Ɗorawa.
Ɗorawa.
Kore.
Na tambayi sunanta, ta faɗa ba gargada.

Huɗu da rabi na ɗaure ta ƙarshe, na saki layi.
Sittin da huɗu suka duƙa lokaci guda,
ƙarar fankoki ta tashi kamar ruwa a kan kwano.

A kundin aiki na rubuta:
arba'in da bakwai, fanka, an sauya.
Ba gurbin shinge a takardar, ba na Mamuda.
Dachung ya yi barci a kujera, shayin ya huce.
Na buɗe ƙofar baya don in miƙe ƙafa,
sai ƙamshin ƙasa ya tare ni,
tun daga Dutsen Shere ake yayyafawa.