Sunana a Cikin Fiffike

A Quellón, can ƙarshen tsibirin Chiloé,
iska ba ta zuwa hannu rabbana.
Gishiri take kwasowa daga teku
ta ajiye wa kowa a bakin ƙofa.
Kwado ya sani, keke ya sani,
kwanon rufin Doña Herminia ya fi kowa sani.

A nan babana, Baltazar Oyarzo,
mai walda a tashar jiragen kamun kifi,
ya kori tumaki daga rumfa
ya ce jirgin sama zai ƙera, mai kujera biyu.
Har a ƙofar coci an yi dariya.

Shekara tara.
Ƙusa dubu goma sha ɗaya,
kowace sai ya tsoma ta a fenti kafin ya buga.
Ya ce ƙarfe da alminiyam ba sa ga maciji,
in dole su zauna tare, a sa musu shamaki.
Ya ce alminiyam ba ya jan tsatsa irin ta kowa,
nasa ciwon fari ne kamar garin alkama,
daga ciki yake ci, fuska na murmushi.

Ni ce mai riƙe fitila.
Ina kallo yana wanke ciki da sinadari,
ya goge, ya jira hazo ya ɗaga,
ya fesa fentin fari mai ruwan ɗanyen lemo
a lungun da babu idon da zai sake leƙawa.
Na ce, Baba, wa zai gani?
Ya ce, gishiri.

Doka ɗaya ya kafa mini:
kada fensir ya taɓa jikin jirgi.
Bakin fensir da damshi, in sun haɗu,
sun ƙulla wa alminiyam makirci.
Shekarata sha ɗaya.
Ranar da ya tafi Castro sayen salatif
na zura hannu cikin fiffiken hagu,
inda fenti bai kai ba tukuna,
na rubuta Nilda, na ja layi a ƙasa.
Washegari ya rufe wajen da ƙusa.

Na so ja. Ya zaɓi fari da ratsin ruwan goro,
shafi biyu kacal, sirara,
don kowane kilon fenti kilon mai ne da aka bari a ƙasa.
Jirgi ya tashi ran wata Talata.
Masu dariya suka cire hula.

Damina shida bayan nan,
muna duban shekara da madubin likitan haƙori,
ya kwance murfin fiffiken hagu, ya haska,
sai ya yi shiru.
Shirun ya daɗe har na ji ɗigar ruwa daga indararo.
Ya miƙo mini madubin.

Ga sunana, a juye, ya yi furfura.
Kowane harafi ya kumbura da farin gari,
layin ƙasa ya ci rabin kauri.

Na jira faɗa.
Ya ɗauko almakashin ƙarfe
ya yanke wajen, faɗin tafin hannu,
ya auna faci, ya wanke, ya fesa,
ya ba ni ƙusa takwas da gwangwanin fenti:
tsoma, ki buga.
Hannuna na rawa. Bai karɓa ba.

Yanzu idonsa ya yi hazo, ni ke tuƙi.
Duk saukar da na yi, ruwan daɗi da soso,
in bi hujin magudana da tsinke,
in shafa kaki kafin hunturu.

Guntun kuwa yana nan a bangon rumfa,
ya kafe shi da ƙusar ƙarfe, da gangan, ba fenti.
Bara N ta tafi.
Jiya ya shafa da yatsa,
ya ce saura huɗu, ki kawo mini shayi.