Ruwa-Biyu Ya Tsayar da Mai Zanensa

Marwana, ajiye biron nan tukuna.
Tun shafi na tara kake sa ni dariyar ƙeta,
haƙarƙarina ya gaji.

Kai ka ce a Ƙauran Namoda aka haife ni,
bayan tasha, inda layin dogo ya zo ya tuƙe
kamar zancen da aka katse wa mai shi.
Ka ce uwata Kuluwa ce mai hoce,
ubana baƙo ne daga can bayan Zara.
Ya sauka daren da aka ɗauke wuta,
ya biya sadaki da tsakuwa mai haske,
ya kwana bakwai, ya ce zai je ya dawo.

Ka ba ni ido uku, na ukun kore,
don koren biro kaɗai ya rage maka ranar.
Hannun dama irin naku, har da kanta.
Na hagu yatsa bakwai,
sanyi ƙalau kamar ƙarfen dogo da asuba.

Ban musa aikina ba.
Ni na zuƙe Gagare da karan dawa guda
na bar kifaye suna kallon juna.
Ni na ɗure farin wata a kwalbar turare,
gari ya yi wata uku bai san ranar albashi ba.
Ni na naɗe titin Gusau kamar tabarma
na jingine shi a bayan ɗaki.
Yara sun yi shewa, sun biya ka hamsin-hamsin
don su karanta a ƙarƙashin benci.

To amma ina shafin da ka tsallake?
Ranar da askar wanzami ta karye a goshina,
jinin ya fito shuɗi kamar ruwan marina,
mata suka janye 'ya'yansu a hankali, ba gardama.
Inna ta ja hula ta rufe min idon,
ta ce, “Mi kuka kallo? Ɗiyana na.”
Da ranar da na hau ƙarfen sabis
na yi kiran dangin ubana har muryata ta dishe.
Amsa ta zo bayan shekara goma, layi ɗaya:
kana warin ƙasa.

Nan a ce ɗan sama, can a ce ɗan turɓaya.
Jemage ma yana da reshen da yake kwana.

Shi kuwa Garkuwa, gwarzon naka,
mai ƙirji kamar ƙofar gareji,
ka ɗauka ban lura ba?
Hancinka ne da shi, da wushiryarka.
Sai dai in ka zo zana ni ne hannunka ke nutsuwa.
Ina jin yadda kake danna biro
duk sanda kalmar uba ta shigo kumfar magana,
har takarda ta huje.
Na san wanda ya hau motar Agadas kana goye,
na san wadda har yau ba ta sake lambar waya ba.

Ba roƙon rai nake ba.
Mugu ba ya kai bangon littafi, na san doka.
Gobe Garkuwa zai cilla ni bayan gajimare,
ka rubuta ƘARSHE da manyan baƙaƙe,
ka koma cajin wayoyin mutane a shagon kawunka.

Akwati ɗaya nake so, ƙarami, can ƙasan shafi,
kada ka sa magana a ciki.
Ni a tsugune gefen murhu,
hula a cire,
yatsun nan bakwai suna yi wa Inna fifitar wuta,
ita kuma tana faɗa don na ci na sayarwa.

In koren ya ƙafe, bar idon haka, fari.
Ɗauki bironka.
Ina muka tsaya? A dariya.