Tsakiya

Gara ta cinye littafin Baba gaba da baya,
ta bar mini tsakiyar labari.
Ban ƙona ba.
Na yanka shafukan siri-siri, na naɗe a tsinke,
na shafa ƙaro, na shanya a faifai.

Wayar tagulla, Ɗanliti mai gyaran rediyo a Wunti
ya ce in tsinta ƙarƙashin bencinsa.

Yau wata malamar asibiti ta taya.
Ta ɗaga ƙwaya ɗaya ga rana, ta ƙanƙance ido:
“Nan an rubuta *ya dawo*. Wa ya dawo?”

Na ce ban sani ba,
gara ce ta karanta wurin.
Na ɗaura mata a wuya,
hannuna na ɗan rawa.