Ƙidayar Ƙarshe a Gidan Zane

Sun aiko mini da takarda daga sakatariya,
wai in ƙidaya abin da ya rage.
To, ga ni da biron aro
a bakin ƙofar da na yi shekara talatin da ɗaya ina buɗewa.

Siton auduga ne tun farko.
Da Malam Gado Ɗan'ige ya ajiye alli
sai ya zuba kuɗin sallamarsa a farar ƙasa da ƙusoshi.
Bunza ta yi dariya har ta riƙe ciki:
wa zai biya kuɗi ya kalli ƙwarya,
ga ta a ɗakin uwarsa?
Malam ya ce, can sha kake yi,
nan gani za ka yi.

Ƙwaryar Inna Tambai ce ta fara hawa bango,
wadda ta zane da wuƙa mai zafi,
kadoji bakwai suna bin wata,
na bakwan ya juya baya, ita kaɗai ta san dalili.
Sai marfin bayan wata tsohuwar gingimari
da zakin da Kwaire ya yi a gareji,
zaki mai idon mutum, idon mai bin bashi.
Sai luru, sai tulu.
Sai masunta a kwalekwale
da Malam ya yi da shuni da toka da lalle
shekarar da fenti ya gagari aljihunsa.

Ranar Alhamis 'yan firamare ke zuwa,
in ce kada a taɓa, su taɓa.
Wata yarinya, Hajo, ta tsaya gaban masuntan nan
har ajinsu ya kai kwanar asibiti ba ta sani ba.
Yanzu taswirar gidaje take zanawa a Kaduna,
duk sallah tana aiko mini da yadi.

A littafin baƙi akwai wani mutumin Dosso
da ya cika shafi guda da Faransanci.
Har yau ban sami mai karanta mini ba.
Ina kyautata zaton yabo ne.

Malam ya rasu wata Laraba, ana dashen shinkafa.
Bayansa ruwa ya taso daga fadama,
ya shigo ba tikiti, ya kwana tara,
ya bar nasa zanen a bango daidai gwiwa.
Gara ta ci ƙafar kwalekwalen masunta.
Kwamiti ya zo, ya ci abinci, ya ɗauki hoto,
ya ce in ƙara haƙuri.
Na ƙara.

Tikitin ƙarshe da na yanka
na wani mai babur ne da hadari ya koro.
Ya biya hamsin don kunya,
ya tsaya yana kallon ƙofa har ruwa ya ɗauke.

Jibi buhunan taki za su shigo.
Na rubuta: tulu huɗu, luru biyu, ɗaya ya ci wuta,
zaki ɗaya, ƙwarya sha takwas.
Takardar ba ta da gurbin
waɗannan fararen wurare a bango
inda hotuna suka tare ƙura shekara da shekaru.

Ƙwaryar sha tara ce, Allah ya yafe mini.
Na kai wa jikar Inna Tambai da magariba.
Ta wanke, ta dama fura a ciki,
sai da ta ɗaga za ta kai baki
ta dakata, ta juya ta a hankali,
ta ce, Baba Manu,
wannan na ƙarshen me ya sa ya juya baya?

Na ce, sha ki ba ni.
Mabuɗin na aljihuna har yanzu,
sai gobe da hantsi zan miƙa.